Faifan da ake jin numfashin mutane a cikinsa

Ƙanena, tambayarka ta iso ni, kuma na ga biyu ce a dunƙule. Ka ce tunda ka fara koyon haɗa sauti, kana so ka san kundin waƙoƙin da suka fi kwanta mini a rai a tsawon shekarun da na yi ina aikin situdiyo. Sannan ka ce kai fa ba ka ga dalilin da zai sa mutum ya share minti 40 yana sauraron kundi ɗaya daga farko har ƙarshe ba, alhali waya na miƙo maka duk waƙar da ranka ke so, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauki takarda na fara jera su, sai na ga jerin ya zama hatsin bara: jazz na Amurka, reggae na Jamaika, kora ta Mali (kayan kiɗa mai igiyoyi da yawa), fiyanon wani Bajamushe da ya rasu tun 1750, waƙar Masar, kiɗan tsofaffin Kuba. Na jima ina neman abin da ya haɗa su, tunda harshensu daban, zamaninsu daban. Abin da na gano shi ne, a kowannensu kana iya jin mutane suna sauraron juna. Wani ya buga, ɗan'uwansa ya kasa kunne, ya ba shi hanya, sannan ya amsa masa. Wannan sauraron ne makirfo ke kamawa idan an yi dace, kuma ba ya fitowa fili a minti uku. Sai ka zauna da mutanen na ɗan lokaci kafin kunnenka ya gane wa ke bin wa.

Wanda ya fara buɗe mini kunne shi ne Kind of Blue na Miles Davis. An ɗauke shi a zama biyu kacal, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu na 1959, a situdiyon kamfanin Columbia da ke titi na 30 a Niyok. Ginin tsohuwar majami'a ce, rufinta can sama, shi ya sa sautin ke da wani fili a bayansa wanda har yau masu aikinmu ke ƙoƙarin kwaikwayo da kwamfuta. Miles na kan ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley na kan saksofon, Bill Evans na kan fiyano in ban da kiɗa ɗaya da Wynton Kelly ya karɓa, Jimmy Cobb na kan ganguna, sai Paul Chambers da bes, wato babban gogen nan mai tsayin mutum da ake tsinkar igiyarsa da yatsa. Evans ya rubuta a bayan faifan cewa Miles ya tsara abin da za a buga ne sa'o'i kaɗan kafin a shiga ɗauka. Ka ga kenan babu wanda ya zo da hadda.

Jazz na wancan lokacin gudu ake yi: kowane taki biyu ko huɗu sautin tushe ya canja, makaɗi na ta tsallake shinge. Miles ya kwashe shingayen. A kiɗan farko, tsanin sauti biyu kawai ya ba su, ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin mataki, ya ce kowa ya nemi abin faɗa a ciki. Mutumin da aka ba fili haka, ba abin da zai ɓuya a bayansa, dole ya saurari na kusa da shi. Sa faifan ka ji yadda ya fara. Fiyano da bes suna lalube kamar masu shiga ɗaki a duhu. Sai bes ya ɗauko jigon, sauran su amsa masa da sauti biyu, tamkar 'yan amshi. Daidai lokacin da Miles zai shigo, Cobb ya doki farantin ƙarfensa da ƙarfi sau ɗaya, ƙarar ta bazu ta yi ta ja a hankali har ta narke, ƙahon kuma ya taka a kanta ya wuce. Na saurari wurin nan ban san adadi ba, kuma har yanzu tsigar jikina kan tashi.

Ga wani abu da ya shafi sana'armu kai tsaye. A zaman farko na'urar ɗaukar tef ta ɗan yi nawa, don haka kiɗa ukun da ke fuskar farko sun fito da ɗan sauri, muryarsu ta ɗan haura yadda aka buga ta. Sai a 1992 aka gyara. Fiye da shekara 30 duniya na ƙaunar faifan da kuskuren injiniya a jikinsa. Masu koyon ƙaho da ke bin faifan su ne suka sha wahala, don sautinsu ba ya haɗuwa da nasa.

A wannan ɗakin dai Glenn Gould, mai fiyano ɗan Kanada, ya ɗauki Goldberg Variations na Bach, Bajamushen nan da na ambata, har sau biyu. Na farko a 1955 yana ɗan shekara 22, ya gama cikin kusan minti 39, yatsunsa na wuta. Na biyu a 1981, ya kai minti 51, kuma shekara ɗaya bayan haka ya rasu yana da 50. Tsarin aikin shi ne waƙa ɗaya mai sanyi, sai juyi 30 a kan tushenta, sai ta dawo a ƙarshe yadda ta fara. Ni na 1981 nake sawa. Idan ka sa abin sauraro a kunne za ka ji Gould yana gunguni a ƙasa-ƙasa, yana rera abin da hannunsa ke bugawa, wani lokacin ma wanda ba ya bugawa. Injiniyoyi sun yi ta fama da wannan gunguni, ya ƙi fita. Mutum ɗaya ne a ɗakin, amma hannun hagu na sauraron na dama, shi kuma yana sauraron su duka. Kuma wannan ne amsar tambayarka ta biyu a taƙaice: waƙar da ta dawo a ƙarshe, sauti ɗaya ne da ta farko, amma idan ka tsallake juyi 30 ɗin nan ka je gare ta kai tsaye, ba za ka ji komai ba. Nisan tafiyar ne ke sa dawowar ta yi nauyi.

Kada ka ɗauka ina ƙyamar yanke-yanke. Gould ya daina wasa a gaban jama'a tun 1964, ya rungumi situdiyo, yana yanka tef yana haɗawa ba ya jin kunyar kowa. Almakashi ba laifi ba ne a aikinmu. Sanin abin da za a bari shi ne wuyar.

Na koyi wannan da zafi. Wata mawaƙiya ta taɓa ba ni muryarta in gyara, na kwana ina bin layin sautin a allo, duk inda ta ja numfashi na share shi, don a lokacin na ɗauka tsabta ita ce ƙwarewa. Da safe ta zo ta saurara, ta yi shiru har waƙar ta ƙare. Sai ta ce, "Malam, wannan muryata ce, amma ba na ciki." Na mayar da numfashin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani da take ja kafin baitin ƙarshe, mai ɗan rawa a cikinsa, da ya dawo sai duk waƙar ta miƙe tsaye. Tun daga ranar, kafin in taɓa murya sai na saurare ta sau uku ido a rufe.

Shi kansa kundi, na'ura ce ta haife shi. A 1948 Columbia ta fito da babban faifan garmaho mai juyi 33 da sulusi a minti, kowace fuska na ɗaukar kamar minti 22. Wannan iyakar ta koya wa mawaƙa tsara zance. Akwai kuma dalili na fasaha: allura na tafiya a hankali idan ta kusa tsakiyar faifai, sauti mai ƙarfi yakan dushe a wurin, shi ya sa sau da yawa ake sa mai zafi a bakin faifai, mai sanyi a ciki. Da faifan CD ya zo a 1982 da minti 74, mutane da yawa suka ga ai dole a cika shi, kundaye suka yi ta kumbura da abin da bai kamata ya fita daga situdiyo ba.

Wanda ya fi nuna mini amfanin fuska biyu shi ne Exodus na Bob Marley. A Disamban 1976 'yan bindiga suka shiga gidansa a Kingston suka harbe shi, ya tsira da rauni, ya bar ƙasar, ya ɗauki kundin a Landan, ya fito a 1977. Fuskar farko ta mutumin da aka nemi kashewa ce: gargaɗi, imani, hisabi, hijira. Ka juya faifan, sai ga soyayya da rawa da kwantar da hankali. Mutum ɗaya ne, lokaci ɗaya ne, kuma sai ka ji duka biyun kafin ka san shi. Farkon kundin ma darasi ne, domin kiɗan ba ya faɗo maka, daga shiru yake tasowa a hankali kamar ayarin da ke tahowa daga nesa, har ka kan duba ko lasifikarka ce ta lalace. Amma ni abin da ke riƙe ni a ciki 'yan'uwan nan biyu ne, Aston Barrett mai jitar bes da ƙaninsa Carlton mai ganga. Aston yakan bar rami a tsakiyar layinsa, ya yi shiru inda kake jiran sauti, Carlton ya ajiye bugunsa a daidai gefen ramin. Ciki ɗaya suka fito, kuma kana jin haka. Mujallar Time ta zaɓe shi kundin ƙarni a 1999; da ni aka tambaya, da na ce a rubuta sunan waɗannan biyun kusa da na Marley.

What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, shi ba ya ma yarda a yanka shi. Waƙoƙin suna zubowa cikin juna babu tsayawa, ƙarshen kundin kuma ya koma ya taɓo farkonsa. Ƙaninsa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai masu ɗaci, shi kuma Berry Gordy, mai kamfanin Motown, da farko bai so a saki waƙar da ta buɗe kundin ba. Muryar Marvin biyu da kake ji suna zagaya juna, asalinta kuskure ne: an ɗauki rerawa biyu don ya zaɓi ɗaya, aka kunna su tare, ya ji, ya ce a bar su haka. Mutum ne yake yi wa kansa amshi. Ka bi bes ɗin James Jamerson a ƙarƙashi, shi ma waƙarsa yake rerawa daban.

Idan kuwa aka ce in ɗauki ɗaya tak in bar sauran, In the Heart of the Moon zan ɗauka, na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté. An ɗauke shi a 2004 a otal ɗin Mandé da ke Bamako, a bakin kogin Neja, ba tare da sun yi gwaji ba. Ali ɗan arewacin Mali ne, manomi daga Niafunké, jita a hannunsa. Toumani ɗan gidan makaɗan gado ne na Mandinka, da kora mai igiya 21, kuma Ali ya girme shi da fiye da shekara 25. Al'adar kiɗansu ba ɗaya ba ce. Abin da ke taɓa ni shi ne yadda babban ya zauna a baya. Ali, wanda duniya ta san shi da jita, sai ya kama zagaye ɗaya yana maimaitawa, daram, ba gaggawa, ya zama ƙasa, ya bar yaron yana zuba kora a kai kamar yayyafi. Lokaci-lokaci kana jin muryar Ali yana magana a kan kiɗan, yana yaba masa, yana ƙara masa ƙarfi. Babu wanda ya share wannan, kuma Allah ya saka wa wanda ya bar shi. Kundin ya fito a 2005, ya ci kyautar waƙa ta Grammy a farkon 2006, a watan Maris na shekarar Ali ya rasu. Toumani ma ya bi shi a 2024. Yanzu idan na sa shi, hira nake ji tsakanin mutum biyu da ba sa duniya, kuma ban taɓa iya yin wani aiki yana tashi ba, sai dai in zauna.

Injiniyan da ya ɗauki wannan, Jerry Boys, shi ne ya ɗauki Buena Vista Social Club a Habana a 1996, cikin kwana shida, a tsohon situdiyon EGREM. Asalin shirin ma da makaɗan Mali za a yi, takardun tafiya suka hana su isowa, sai masu shirya kundin, Nick Gold da Ry Cooder da Juan de Marcos González, suka tattaro tsofaffin makaɗan Kuba da aka manta da su. Compay Segundo na dab da shekara 90, Ibrahim Ferrer har gogen takalma yake yi don ya ci abinci. Abin lura gare ka a nan shi ne inda aka kafa makirfo. An zaunar da su ɗaki ɗaya suna ganin juna, aka ɗaga wasu makirfo sama don su kama ɗakin kansa. Sautin ƙaho ya shiga makirfon mawaƙi, na fiyano ya shiga na bes. A makarantar koyon aiki za a ce maka wannan yoyo ne, a toshe shi. Wannan yoyon ne ya sa idan ka rufe ido kake iya nuna inda kowa ke zaune.

Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, kuwa ta kai sauraron har cikin 'yan kallo. Shekaru da dama tana yin wasa ranar Alhamis ta farkon wata, rediyon Alƙahira na watsawa. Faifanta na Inta Umri, na 1964, shi ne haɗuwarta ta farko da Muhammad Abdul Wahab a matsayin mai tsara kiɗa, kuma waƙa ɗaya ce ke cin kusan awa. Ka nemi wanda aka ɗauka a gaban jama'a. Za ta rera baiti, zauren ya ɗauki sowa, a roƙe ta ta sake, ta sake shi ta wata hanya, ta ja wani harafin da ba ta ja ba ɗazu, makaɗa kusan su duka su dakata su ga inda za ta sauka. Larabawa na kiran wannan yanayi ɗarab. Tsawon waƙar ba a rubuce yake ba, mutanen zauren ne ke ƙara shi. Haka Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan yake a Shahen-Shah na 1989, shi da 'yan amshinsa da tafinsu, sai dai shi hawa yake yi mataki-mataki har sai ka rasa inda numfashinsa ke fitowa.

Za ka iya cewa duk waɗannan na masu kayan kiɗa a hannu ne, kai kuma da kwamfuta kake aiki. To saurari Illmatic na Nas, mawaƙin rap na Amurka, na 1994. Yana ɗan shekara 20, abu goma ne a kundin, bai cika minti 40 ba, kuma babu abin yarwa. Masu haɗa masa kiɗa, DJ Premier da Pete Rock da Q-Tip da Large Professor, sun tono tsofaffin fayafayan jazz da soul, suka yanko daƙiƙa biyu ko uku daga wuraren da kowa ya wuce bai lura ba. Ba ka samun irin wannan sai ka kwana da faifai kana sauraro. A ƙarshen wata waƙar ma mahaifinsa, Olu Dara, shi ya busa ƙaho, ɗa ya gama magana uba ya ɗora. Na'ura ba ta hana sauraro. Abin da ke hana shi shi ne ka riƙa kallon sauti a allo maimakon ka ji shi.

Akwai kuma ciwon da ya kama sana'armu tun wajen shekarun 1990, na matse sauti don kowace waƙa ta fi ta maƙwabciyarta ƙara. Ana danne wuraren da suka yi sama, a ɗago na ƙasa, har layin sautin ya zama kamar bulo. A minti na farko yana burgewa, a na goma kunne ya gaji, mai sauraro bai san dalili ba sai ya ji yana son canjawa. Ina zargin wannan na cikin abin da ya sa tsararku ba sa iya zama da kundi. Bugun farantin Cobb da na ba ka labari yana da tasiri ne domin abin da ya gabace shi a hankali yake. Matse shi, ka kashe shi. Yanzu da Spotify da YouTube ke daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, wanda ya matse bai ci ribar komai ba, ya dai yi asarar faɗin sautinsa.

Ga abin da nake sa duk wanda ya zo koyo wurina ya yi a makon farko, kai ma ina so ka yi. Ka kashe allo, ka kifa waya, ka sa fuskar farko ta Kind of Blue. A zagayen farko kada ka bi ƙaho ko saksofon, Paul Chambers kaɗai za ka bi, daga sautinsa na farko har na ƙarshe, ko da wasu sun rufe shi. A zagaye na biyu ka bi Evans, ka lura da wuraren da ya ɗauke hannu gaba ɗaya ya bar mai busa shi kaɗai da ganga da bes. Gobe ka yi haka da jitar Ali Farka. Idan ka gama ka rubuto mini wurin da Toumani ya fara barin jigon ya tafi yawonsa, da abin da Ali ya yi a lokacin, sai mu ɗora daga nan.